Gurnani a amfilin gitar: ta inda yake shigowa da yadda ake rage shi

Duk wanda ya taɓa zama a filin biki a Damargu, tun daga Tanut har Falanko da Belbeji, ya san wannan ƙarar. Makaɗi ya saɓa gitar, ya kunna amfili, bai ko taɓa tsirkiya ba, sai bafal ya kama "huuum" kamar motar da aka bari a kunne. Masu gyara da suka yi lakkol suna ce mata ronflement, wato minshari. Yawancin makaɗa gurnani suke cewa, ko su ce sono yana kuka. Idan kiɗa ya yi zafi sai gurnanin ya ɓuya, da an sassauta don maroƙi ya kira sunayen dangin amarya sai ya dawo ya danne muryarsa.

Gitar mai aiki da kuran ba baƙuwa ce a yankin nan ba. Damargu tana kan hanyar Damagaram zuwa Agadas, kuma ta wannan hanya kasetocin marigayi Abdallah Oumbadougou suka riƙa yawo hannu da hannu a shekarun 1990. Daga baya Bombino da Mdou Moctar suka kai kiɗan gitar na Abzinawa Turai da Amurka, samari da yawa suka ɗauki salonsu. Tare da salon aka ɗauko fedal, ƴan akwatunan nan da ake takawa da ƙafa don a sauya muryar gitar: wani ya sa ta yi kaushi, wani ya sa ta yi amsa-kuwwa. To amma an ƙera kayan ne don gidajen da wutarsu ba ta rawa, piriz ɗinsu kuma yana da wayar ƙasa. A nan ana jona su a gurup, ko batirin mota, ko pano na hasken rana, cikin ƙura da rairayi.

Gurnani yana da ƙofar da yake shigowa, ƙofofin kuma ba su da yawa. Wanda ya bi su ɗaya bayan ɗaya da kunnensa yakan gano matsalar ba tare da ya sayi komai ba. Wanda ya fara da zuwa kasuwa yakan dawo da sabon amfili da tsohon gurnani.

Mece ce wannan ƙara

Kuran da NIGELEC ke bayarwa bolt 220 ne, yana kai da komowa sau 50 a kowane sakan. A Najeriya da Faransa ma sau 50 ne. A Amurka sau 60 ne. Duk wayar da wannan kuran ke bi tana watsa wani ɓoyayyen ƙarfin maganaɗisu a kewayenta, shi ma yana kaɗawa sau 50.

Kunnen gitar, wato abin nan da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi wanda wasu ke kira mikoron gitar, maganaɗisu ne da aka naɗe da wayar jan ƙarfe siririya kamar gashi, naɗi wajen 8,000. Aikinsa ya ji motsin tsirkiyar ƙarfe ya mai da shi ɗan kuran da bai kai bolt ɗaya ba. Sai dai ba ya rarrabe motsin tsirkiya da kaɗawar wayar bango. Duk abin da ya ji zai miƙa, fedal ya ninka, amfili ya ƙara ninkawa. Fedal mai sa murya kaushi yana iya ninka abin da ya shigo masa sau ɗari ko fiye. Don haka sau da yawa fedal ɗin da ake zargi ba shi ya haifi ƙarar ba, shi dai ya fito da ita fili.

Ba duk ƙara ce iri ɗaya ba, kuma kunne shi ne mitar farko. Gurnani mai kauri, mai zurfi, wanda ba ya hawa ba ya sauka, na sau 50 ne, daga wayoyin kuran ko taransfo. Idan ya ɗan fi siriri, kusa da muryar da babbar tsirkiya ke bayarwa in an danna ta a gida na uku ko na huɗu, to na sau 100 ne, kuma yawanci daga adaftar da ba ta tace wuta da kyau yake. Ƙara mai kaifi kamar ta ƙudan zuma a kunne takan fito daga sharjar salula, ƙwan fitila mai araha ko inbata. Huci irin na taya mai yoyon iska daga cikin fedal ɗin kansa yake, idan an murɗa shi har ƙarshe. Ƙaras-ƙaras da ke zuwa in an motsa kabul ko an murɗa maɓalli, datti ne ko wayar da ta kusa tsinkewa. Akwai kuma "dit-dit-dit" da ke zuwa kafin salula ta yi ƙara: tsohon layin GSM ne ke aika saƙonsa kashi-kashi, sau 217 a sakan.

Fito mai tsinka kunne da ke tashi in mikoro ya fuskanci bafal, wannan wani abu ne dabam, ba ruwansa da kuran. Maganinsa a sa bafal gaba da mawaƙi, bakinsa yana kallon jama'a.

Bin ƙofofi ɗaya bayan ɗaya

Ka yi wannan binciken da rana, kafin taro, da irin wutar da za a yi bikin da ita. Gwajin da aka yi a gida da kuran NIGELEC ba ya gaya maka abin da gurup zai yi a filin ƙauye.

Fara da amfili shi kaɗai, ba a jona masa komai ba, ka ɗaga murya daidai yadda kake wasa. Idan yana gurnani a haka, matsalar tana cikinsa ko cikin wutar da yake sha, kada ka wahalar da gitar. Idan ya yi shiru, jona gitar kai tsaye da kabul ɗaya, ba fedal. Murɗa maɓallin muryar gitar har ƙasa. Gurnanin ya ɓace? To ta kunnen gitar yake shigowa. Yana nan? Kabul ne ko jak. Bayan haka sai ka shigo da fedal ɗaya, ka saurara, ka ƙara na biyu, ka saurara. Wanda shigowarsa ta kawo ƙarar, shi ko adaftarsa ko guntun kabul ɗinsa ne abin dubawa. Abu ɗaya ake sauyawa a lokaci ɗaya. Mai gaggawar da ya sauya uku tare, ko ƙarar ta tafi bai san wanne ya kore ta ba, gobe kuma za ta dawo.

Gitar

Yawancin gitocin da ke hannun samarinmu ƙirar Stratocaster ne, wadda kamfanin Fender ya fito da ita a 1954, ko kwaikwayonta na Sin. Tana da kunnuwa uku, kowanne naɗi ɗaya. Su ke ba da muryar nan mai tsini da ta dace da kiɗan hamada, su ne kuma suka fi kwasar gurnani. Tun a 1955 wani injiniyan kamfanin Gibson, Seth Lover, ya haɗa naɗi biyu masu saɓa wa juna a kunne ɗaya, ta yadda gurnanin da ɗaya ya kwaso ɗayan zai soke shi. Irin wannan kunne mai faɗi ya fi shiru sosai, amma muryarsa ta fi kauri, ba kowane makaɗin Abzin ko Damargu ke sonta ba.

Ba sai ka sauya gitar ba. A gitoci da yawa masu kunne uku, an naɗe na tsakiya a juye. Idan ka sa makunnin zaɓi a matsayi na 2 ko na 4, kunnuwa biyu suna aiki tare suna soke gurnanin juna. Gwada ka ji. Sannan ka riƙe gitar ka juya a hankali a inda kake tsaye, kamar mai neman tasha da ƙaramin rediyo: akwai fuskar da ƙarar ke raguwa sosai. Ja layi a ƙasa, nan ne wurin tsayuwarka. Matsa nesa da amfili taku biyu ko uku, domin taransfon da ke cikinsa shi ma yana watsa gurnani, ƙarfinsa kuma yana faɗuwa da sauri in an ba shi tazara.

Taɓa tsirkiyoyi ka saurara. Idan ƙarar ta ragu, lafiya lau, haka aka ƙera ta: akwai wata ƴar waya a ciki da ta haɗa tsirkiyoyi da mas. Idan babu bambanci, wayar nan ta cire. Idan ƙarar ƙaruwa ta yi, mai yiwuwa an juya wayoyin jak biyu a wani gyara da aka yi a baya. Duk mai gyaran rediyo da ke da dalma zai daidaita wannan cikin ƴan mintoci. In an buɗe gitar, ana iya shimfiɗe ramin da maɓallai suke da takardar jan ƙarfe ko ta alminiyam, a haɗa ta da mas. Wannan yana rage ƙara mai kaifi ta fitilu da sharja. Gurnani mai kauri na taransfo kuwa yana ratsa takardar, kada a yi maka alkawarin da ba zai cika ba.

Kabul da ƙura

Kabul ɗin gitar yana da waya ɗaya a tsakiya, da saƙar ƙarfe da ta lulluɓe ta kamar riga. Rigar ce ke kare ta. Kabul ɗin bafal kuwa wayoyi biyu ne tsirara a cikin roba, kuma sau da yawa kawunansu iri ɗaya ne da na gitar, har mai shago ma yakan miƙo wannan a madadin wancan. Kwance kan ka duba kafin ka biya. In babu saƙa, ba na gitar ba ne. A cikin masu saƙar ma akwai waɗanda saƙarsu ta yi shara-shara har kana hango wayar ciki. Irinsu ba su da bambanci sosai da marasa riga.

Daga gitar zuwa fedal na farko, mita 5 ko 6 sun isa. Fiye da haka murya tana dushewa, ƙara tana ƙaruwa. Kada kabul ɗin gitar ya kwanta jere da wayar kuran. Inda dole su haɗu, su gitta juna kamar mararraba. Rediyon da wani lokaci ake ji yana magana a cikin amfili, musamman da dare, yawanci ta dogon kabul mai raunin riga yake shigowa.

Ƙura kuma ita ce ciwon yankinmu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hazon hunturu yana shiga kowane jak da kowane maɓalli. Akwai ruwan fesawa na wanke mahaɗar lantarki a shagunan kayan gyara na Damagaram da Maraɗi. A fesa kaɗan, a sa kan kabul a cire sau goma, a murɗa maɓalli gaba da baya. Kada a zuba baƙin mai ko man keken ɗinki, ƙura suke kamawa su zama laka. A duba notin jak: in ya yi sako-sako jak yana juyawa, wayoyin ciki suna murɗewa har su tsinke. Bayan wasa a sa fedal a leda mai rufi, ba a bar su a buɗe a bayan babur ba.

Wutar fedal

Nan ne mafi yawan gurnanin fedal yake, nan kuma ake ƙona su. Galibin fedal suna shan bolt 9 na wuta mai tafiya hanya ɗaya, wadda ake rubutawa DC. A tsarin da kamfanin Boss ya yaɗa, kuma akasarin masu ƙira suka bi, tsakiyar kan adafta shi ne mai alamar ragi, bayansa mai alamar ƙari. Adaftar rediyo ko ta dikoda sau da yawa akasin haka take, ko da kanta ya shiga ramin daidai. Akwai ma adafta mai rubutun 9V amma AC take bayarwa. Wannan tana iya kashe fedal nan take. Karanta ɗan zanen da ke jikin fedal da na jikin adafta, su zo ɗaya.

Adaftar kasuwa mai makunnin zaɓi daga bolt 3 zuwa 12, musamman mai nauyin nan ta da, ba ta daidaita wuta. An rubuta 9 amma tana iya ba da 12 ko fiye in fedal ɗin ba mai ci ba ne, kuma ita ce uwar gurnanin sau 100. Duba kuma lambar mA. Ƙaramin fedal mai sa kaushi yakan wadatu da ƙasa da 20, amma mai amsa-kuwwa na zamani da ke da kwamfuta a ciki yana iya neman 100 zuwa 300. In an tara abin da fedal duka ke ci ya wuce abin da adafta ke iyawa, sai ta fara gurnani tana zafi.

Mutane da yawa suna ciyar da fedal huɗu ko biyar da adafta ɗaya ta waya mai rassa. Yana yi in duka ƙanana ne na tsohon salo. Da an sa mai kwamfuta a cikinsu, sai ya watsa wa sauran wani siririn fito ta wayar da suke tarayya a kai. Ware masa tasa adaftar. Akwai akwatin wuta na fedal mai ramuka da yawa wanda kowane rami a keɓe yake da ɗan'uwansa. Shi ne maganin gaske, amma yana da tsada, kuma da yawa daga masu arahar da ke cewa a keɓe suke, a ciki waya mai rassa ce aka sa wa akwati.

Gwajin da ba ya ƙarya shi ne pil. Cire adafta ka sa pil mai bolt 9. In gurnani ya tafi, ka kama ɓarawo. Pil ba ya gurnani ko kaɗan, sai dai mai bolt 9 yana wuyar samu a kasuwar ƙauye kuma ba ya daɗewa. Ga dabarar da ta dace da mu: manyan pil na tocila, masu bolt 1.5, in aka jera shida kai da gindi suna ba da bolt 9 cif, suna kuma daɗewa fiye da ƙaramin nesa ba kusa ba. Mai gyaran rediyo zai yi musu gida da bututun roba ya sa kan adafta, a tabbatar dai ragi yana tsakiya. In pil ɗin yana cikin fedal, cire kabul daga ramin shiga bayan wasa, domin sa kabul ɗin ne ke kunna shi.

Batirin mota ko na pano, in ya cika, yana wuce bolt 12 da rabi. Kada a jona shi kai tsaye a fedal mai bolt 9. Akwai ɗan ƙaramin abu mai ƙafa uku, lambarsa 7809, da ke saukar da shi zuwa 9 daidai. A ɗaure shi a guntun alminiyam don ya sha iska, a sa fis kusa da batirin.

Adaftar kanta kada ta kwanta kusa da fedal, musamman wanda ake lilo da shi da ƙafa yana "wa-wa", domin akwai naɗin waya a cikinsa da ke kwasar gurnani kamar kunnen gitar.

Gurup, inbata da abokan tarayya

Wutar jihohin Damagaram da Maraɗi ta daɗe tana dogara ga layin da ya taso daga Katsina ya biyo ta Gazawa. Lokacin da Najeriya ta yanke shi a watan Agusta na 2023, har masu sono na birni suka koma gurup, suka ɗanɗani abin da makaɗan ƙauye suka saba da shi.

Ƙaramin gurup sai injinsa ya juya sau 3,000 a minti kafin ya ba da sau 50 a sakan. In an ɗora masa kaya ya yi nauyi sai ya sassauta, har kana jin muryar gurnanin tana sauka tare da muryar injin. Wutar ma tana faɗuwa, kuma in ta faɗi ƙasa sosai amfili da adafta sun kasa tacewa, gurnani ya ratso. Saboda haka gurup ɗin sono ya zama na sono. Firigo, fanka, injin markaɗe da na walda su nemi nasu. A ajiye shi nesa, mita 15 ko 20, a bayan bafal, da ralanj mai kauri da aka warware duka. Ralanj a naɗe yana zafi in an ɗora masa kaya. A fili kawai, ba cikin ɗaki ko zaure ba, hayaƙinsa yana kisa ba wari.

Na taɓa zama a wani biki a hanyar Tanut inda aka kusa awa ana sauya kabul, ana zagin amfili, ana kiran mai gyara ta salula. Ashe a bayan rumfa yara sun jona wani ralanj a jikin na sono, sharja kusan ashirin a kai. Da aka zare shi sai filin ya yi tsit. Sharja mai araha da ƙwan fitilar LED mai araha suna mayar da datti cikin wayar da suke sha, duk abin da ke kan layin ya samu rabonsa. Salular da ke aljihun makaɗi ko a kan amfili a kashe ta ko a kai ta nesa. Ta masu liƙi da masu ɗaukar hoto kam, ba wanda ya isa ya hana, sai dai kabul mai kyau.

Inbata, wadda ke mai da wutar batir ta zama bolt 220, iri biyu ce. Mai araha tana ba da wuta mai tsalle-tsalle kamar matakala. Fitila ba ta damu ba, amma amfili yana mai da ita ƙara mai kaifi da ba ta da magani. Wadda aka rubuta wa "pur sinus" tana ba da wuta mai santsi irin ta layi, ita ce ta sono. Mafi sauƙi ga ƙaramin taro, a tsallake 220 gaba ɗaya: akwai amfili masu aiki da batir, kamar Micro Cube na kamfanin Roland da ke cin ƙananan pil shida. Gitar, fedal da amfili duka a kan batir, babu wayar kuran kusa, shi ne mafi shirun abin da za ka ji.

Regilater kuma, wanda wasu ke kira sitabilaiza, yana kare kaya daga hawa da saukar wuta, amma ba ya cire gurnani. Akwai babban taransfo a cikinsa, in an ajiye shi kusa da fedal ƙara ma yake yi.

Wayar ƙasa: inda maganar ta wuce ta ƙara

Kan wayar amfili yana da mahaɗa uku. Biyu na kawo wuta. Na uku yana haɗa ƙarfen jikin amfili da ƙasa, ta yadda in wata waya ta ɓalle a ciki ta taɓa ƙarfen, kuran zai gudu ƙasa fis ya yanke. Ka tuna tsirkiyoyin gitar a haɗe suke da mas, mas kuma a haɗe yake da ƙarfen amfili. In babu hanyar ƙasa, hanyar da ta rage wa kuran ita ce yatsun makaɗi, ƙirjinsa, da ƙafarsa ko leɓensa a jikin mikoro.

Wannan ya kashe mutane. A watan Mayu na 1972, Leslie Harvey, makaɗin gitar na ƙungiyar Stone the Crows, ya mutu a kan dandamali a garin Swansea na Birtaniya bayan ya taɓa mikoron da ba shi da wayar ƙasa. A 1976 Keith Relf, tsohon mawaƙin Yardbirds, ya mutu a gidansa yana riƙe da gitar da kuran ya shiga. Abin da ya kai mA 30 in ya ratsa ƙirji ya isa haɗari, wato ƙasa da abin da wasu fedal ke ci, sai dai shi bolt 220 ne ke tura shi.

Me ya haɗa wannan da gurnani? In amfili yana piriz ɗaya, miksa yana wani, kowanne da tasa hanyar ƙasa, sannan kabul ya haɗa su, an yi zobe. Ɗan kuran yana zagaya zoben, ana jin sa gurnani mai kauri. Wasu masu sono sun gano cewa in sun karya mahaɗi na uku ko sun naɗe shi da leda, gurnanin yana tafiya. Gaskiya ne yana tafiya. Abin da ke tsare ran makaɗi shi ma ya tafi tare da shi. Hanyoyin kirki guda uku ne. A jona amfili, fedal da miksa duka a ralanj ɗaya mai wayoyi uku. Ko a sa ɗan akwatin da ake kira DI tsakanin amfili da miksa, wanda ke da makunnin yanke zoben ta ɓangaren murya kawai, bai taɓa wayar tsaro ba. Ko kuma, mafi araha, a kafa mikoro a bakin bafal ɗin amfili, babu wata waya tsakanin amfili da miksa balle a yi zobe.

Gaskiyar gidajenmu ita ce piriz da yawa ramuka biyu ne, wasu masu ukun ma babu komai a bayan na uku. Mai sono da ke yawon biki ya kamata ya mallaki sandar ƙasa: ƙarfe mai rufin jan ƙarfe, mita ɗaya da rabi zuwa biyu, da waya mai kauri. A Damargu aikin ya fi wuya, domin busasshen rairayi ba ya karɓar kuran da kyau, ruwan sama kuma da wuya ya wuce milimita 300 a shekara a wajen Tanut. A nemi wuri mai laima, kusa da rijiya, gindin randa ko inda ake alwala, a kafa sandar har ta kusa nutsewa, a zuba ruwa bokiti biyu ko uku, a ƙara in dare ya yi nisa. Masu aikin kuran suna zuba gawayi da gishiri a ramin. Yana taimakawa, amma gishiri yana cin ƙarfe, sai a riƙa dubawa. A kan ralanj ɗin sono a sa makatsin wuta mai rubutun "différentiel 30 mA". Haɗa sanda, jikin gurup da makatsin nan aikin mai kuran ne da ya san sana'arsa, domin a kan ƙaramin gurup makatsin ba ya aiki sai an haɗa shi yadda ya kamata. Bayan ya gama ya danna maɓallin gwaji a gabanka.

Kafin mawaƙi ya kusanci mikoro da gitar a hannu, a sa mita a kan AC, ƙafa ɗaya a tsirkiya, ɗaya a ragar mikoro. Ya kamata ta nuna kusan sifili. In babu mita, turnabis mai fitila ya taɓa kowanne. In ya kama, a tsaya. Makaɗi ya sa takalmin roba, ya tsaya a kan katako ko busasshiyar tabarma, musamman da damina ko inda aka yayyafa ruwa don kwantar da ƙura. Ɗan cizon da ake ji a leɓe ba abin dariya ba ne, gargaɗi ne. In kuran ya kama mutum, kada a taɓa shi da hannu: a kashe gurup ko a zare ralanj, in ba hali a ture shi da busasshen icce, sannan a kai shi likita ko da ya ce ya warware, domin bugun zuciya yana iya rikicewa daga baya.

Abin da ya rage bayan an yi duk wannan

Gitar mai naɗi ɗaya da fedal mai kaushi ba za su taɓa yin shiru ɗari bisa ɗari ba. Rage maɓallin kaushi kaɗan; yawancin samari suna murɗa shi fiye da yadda waƙar ke buƙata. Koyi rufe muryar gitar da ɗan yatsa tsakanin waƙa da waƙa, kamar yadda tsofaffin makaɗa ke yi. A kan miksa, layin gitar yana da wani ɗan maɓalli mai lamba 80 ko 100 da ke yanke muryoyin ƙasa. Danna shi: babbar tsirkiyar gitar tana kaɗawa sau 82 a sakan, gurnani yana 50, don haka abin da za a rasa kaɗan ne. Kada a danna shi a layin bas, wadda ke sauka har 41.

Akwai kuma fedal mai gadin ƙofa, irin NS-2 na Boss, da ke rufe hanya in makaɗi ya daina kaɗawa, ya buɗe in ya taɓa tsirkiya. Ba ya cire gurnani, ɓoye shi yake yi a lokacin shiru, kuma in an matsa shi da yawa yana datse wutsiyar murya. A sa shi bayan fedal mai kaushi, kafin mai amsa-kuwwa, a murɗa shi a hankali daga ƙasa har daidai inda ƙarar ta ɗauke, a bar shi nan.